Maigidana ba ɗan ƙwaya ba ne, a asibiti aka fara rubuta masa

Assalamu alaikum Likita. Shekarata 11 da aure, 'ya'yanmu 4. Maigidana direban adaidaita sahu ne, mutum ne mai kula da sallah, ko sigari bai taɓa sha ba. Wata 9 da suka wuce wata mota ta buge shi ta baya, ya ji ciwo a ƙugu. A ƙaramin asibitin unguwarmu aka duba shi, aka ce babu karaya, aka rubuta masa tiramadol na mako 2. Da ya ƙare ya koma aka ƙara masa, ya sake komawa aka sake ƙarawa. A zuwa na huɗu ya tarar da wani sabon likita, wanda ya ce shi ba zai rubuta ba, ya ba shi parasitamol ya ce ya yi haƙuri. Tun daga ranar ya koma saye a waje. Na ga fakitin a aljihun rigarsa, an rubuta 225 a jiki. Yana shan 2 a rana, wani lokaci 3. In bai sha ba sai hamma da gumi da gudawa da faɗa da yara. Makon jiya da asuba ya faɗi yana jijjiga, kumfa na fita a bakinsa. Surukata ta ce iska ce, aka yi masa tofi da hayaƙi, amma ni zuciyata ta ba ni ƙwayar ce. Shin in kwashe in zuba a masai? Ko in je in roƙi likitan farko ya ci gaba da rubuta masa na asibiti? Kuma in faɗa wa danginsa ne, ko in rufa masa asiri?

Matar aure, Kano

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba maigidanki lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri bisa tsayuwar da kika yi masa.

Kada ki zuba ƙwayoyin a masai, kuma kada ki je roƙon a ci gaba da rubuta masa kamar da. Zan zo kan dalilan duka biyun. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki shi ne faɗuwar da ya yi da asuba, kuma ita ce ba za ta jira ba.

Zuciyarki ba ta yi miki ƙarya ba. Tiramadol yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, wannan sananne ne ga duk wanda ya karanci magunguna, kuma haɗarin yana ƙaruwa da yawan abin da aka sha. Iyakar abin da aka yarda babba mai lafiya ya sha a yini guda miligiram 400 ne. In abin da ke rubuce a jikin fakitin gaskiya ne, maigidanki yana shan 450 a ranar da ya sha 2, yana shan 675 a ranar da ya sha 3. Ya wuce iyaka kullum. Ba zan yanke hukunci daga nesa cewa babu wani dalilin ba, domin wanda mota ta taɓa bugewa ya kamata a tabbatar kansa lafiya yake, a kuma duba sukarin jininsa da ƙodarsa. Sai dai mutumin da bai taɓa farfaɗiya ba, ya fara faɗuwa yana kan wannan adadin, ƙwayar ce abin zargi na farko. Tofi da addu'a alheri ne, ba zan ce ki hana ba, kuma ba sai kin yi musu da surukarki a kai ba. Amma a haɗa da asibiti a cikin makon nan.

Ki yi tunanin wannan faɗuwar ta same shi da rana tsaka a kan titi, da mata da yara a bayan adaidaita. Na san abin da nake shirin faɗa yana da nauyi a gidan da ake cin abinci da fitar kullum, ga balas da za a kai wa mai mashin, amma bai halatta ya ɗauki fasinja ba sai likita ya duba shi ya ce ya koma. Ransa ne, da rayukan 'ya'yan mutane.

In ya sake faɗuwa kafin ku kai ga asibiti, ki juya shi ya kwanta a gefensa, ki kawar da abin da zai buge shi, ki sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kansa. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko man ja ko rubutu har sai ya dawo hayyacinsa sosai, domin zai iya shaƙewa. In jijjigar ta wuce minti 5, ko ta tsaya ta sake dawowa, a ɗauke shi nan take. Haka kuma in kika ga barcinsa ya yi nauyin da ba ya tasuwa, numfashinsa ya yi ƙasa yana jan minshari mai gurnani, leɓɓansa sun sauya launi, wannan ba barcin gajiya ba ne. A asibiti akwai allurar da ke karya ƙarfin irin waɗannan magunguna, sunanta naloksan, kuma ki gaya musu ainihin abin da ya sha tun daga bakin ƙofa.

Yanzu batun lambar nan ta 225. Hukumar NAFDAC miligiram 50 da 100 kawai ta amince a sayar a Najeriya. Duk wanda kika ga an rubuta masa 120 ko 200 ko 225 ko 250, ta ɓarauniyar hanya ya shigo, kuma babu wanda zai rantse miki da abin da ke cikinsa. A watan Fabrairu na 2025 wani binciken BBC ya nuna yadda ake haɗa wasu ƙwayoyi a Indiya ana turo su Afirka ta Yamma, a ciki akwai tapentadol, wanda ya fi tiramadol ƙarfi, an gauraya shi da karisoprodol mai kashe jiki. Babu ƙasar da ta yarda da wannan haɗin a matsayin magani, kuma bayan binciken Indiya ta haramta shi. Ana sayar da irinsu a tasha da bakin kasuwa, mai saye yana ɗauka tiramol ɗin da ya sani ne. Saboda haka ki ajiye fakiti ɗaya, ko wanda ya ƙare ne, ki tafi da shi wajen likita ya gani da idonsa.

Kin ce maigidanki ba ɗan ƙwaya ba ne, na kuma yarda da ke. Bari in bayyana miki abin da ya same shi, domin in kin fahimta za ki fi iya magana da shi ba tare da ya ji an wulaƙanta shi ba.

Tiramadol ɗan gidan su mofin ne da kodin, magungunan kashe zafi masu kama jiki. A Jamus aka ƙirƙiro shi, ya shiga kasuwa a 1977, kuma an daɗe ana kallonsa a matsayin ɗan autan gidan, mai sauƙin kai, wanda ba ya kama mutum kamar yayyensa. Wannan kallon ya sa likitoci da yawa a duniya, har da mu, muka saki hannu wajen rubuta shi. Daga baya aka gane yana kamawa sosai. Aikinsa a ƙwaƙwalwa kashi biyu ne. Yana toshe saƙon zafi kamar yadda mofin ke yi, yana kuma taɓa sinadaran da ke kula da walwala da kuzari, irin waɗanda magungunan ciwon damuwa ke taɓawa. Shi ya sa mai shansa yake jin ciwo ya lafa, ya kuma ji ƙarfi ya zo masa, ya yi aiki tun safe har dare. Ga direban da ke zaune a kujerar adaidaita awa 10 yana faɗawa ramuka da ciwon ƙugu, kin ga abin da zai sa ya ga kamar ya samu mafita.

In aka yi makonni ana sha kullum, jiki yakan sake tsarinsa ya saba da maganin. Adadin da ke aiki jiya ba ya aiki yau, sai an ƙara. Ranar da ba a sha ba kuma jiki ya yi bore: hamma, hawaye da majina, gumi, tashin tsigar jiki, murɗar ciki da gudawa, ciwon gaɓɓai, rashin barci, ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya, zuciya ta yi ta tafasa ba dalili. Duk abin da kika lissafa yana cikin wannan jerin. Ko limamin unguwa aka ɗora a kan wannan maganin wata 3, haka jikinsa zai yi. Ba raunin imani ba ne.

Akwai wani abu da ke ruɗa marasa lafiya, kuma ina zaton ya ruɗi maigidanki. Idan ƙarfin ƙwayar ya fara sauka a jini, ciwon jiki yana cikin alamomin boren nan. Sai ya ji ƙugunsa ya ɗauka, ya ce ai ga shi ciwon haɗarin bai warke ba, ya sha, ya ji sauƙi, ya ƙara gaskata cewa maganin ne ke riƙe da shi. Alhali sau da yawa raunin farko ya daɗe da warkewa, ƙwayar ce ke haifar da ciwon da take kashewa. Bugu da ƙari, daɗewa a kan irin waɗannan magunguna yana iya sa jijiyoyi su ƙara jin zafi fiye da da, abin da bai kai ya yi ciwo ba ya riƙa yi. Yana kuma rage sinadarin mazantaka a jikin namiji, sha'awa ta yi ƙasa. Ban tambaye ki ba, ba kuma sai kin amsa ba, amma in kin ga sauyi ta wannan ɓangaren kada ki ɗora wa kanki laifi.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, al'amarin ya ɗan wuce sabon jiki kawai. Ya koma saye a ɓoye, ya ƙara adadi da kansa, ya faɗi kuma ina zaton bai daina ba. Waɗannan alamu ne na cewa ƙwayar ta fara juya shi. Cuta ce mai suna a littattafan likitanci, tana da magani, kuma wanda ya shige ta ta ƙofar asibiti wata 9 kacal yana da kyakkyawan fatan fita.

Kin tambaya ko ki koma wajen likitan farko. Ni ina ganin likitocin nan biyu kowannensu ya yi daidai a rabi ya kuskure a rabi, kuma maigidanki a tsakaninsu ya faɗa.

Na farkon bai yi laifi ba da ya tausaya wa mutumin da mota ta buge. A kwanakin farko na rauni mai tsanani, in parasitamol da irin su ibuprofen sun gaza, ana iya ba da tiramadol na kwana 3 zuwa 5, a gaya wa mutum ƙarara cewa wannan na ɗan lokaci ne kuma yana kama jiki. Kuskuren shi ne mako 2 tun tashin farko, sannan a yi ta sabuntawa ba tare da an tsaya an tambayi me ya sa ciwon bai tafi ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da wani nazari a 2017 a kan bayanan mutum sama da miliyan 1 da aka fara ba su irin waɗannan magunguna. Cikin waɗanda shan farko ya kai su kwana 8 ko fiye, kusan 1 cikin 7 yana nan yana sha bayan shekara guda. Cikin waɗanda suka wuce wata guda, kusan 3 cikin 10. Tiramadol kuma yana cikin waɗanda suka fi riƙe mutane a wannan nazarin. Tsawon takardar farko kaɗai yana iya sauya rayuwar mutum.

Abin da ya fi ciwo shi ne, ga ciwon baya musamman, amfanin bai kai yadda muka ɗauka ba. A 2018 an wallafa wani gwaji da aka yi a kan tsoffin sojoji 240 a Amurka masu daɗaɗɗen ciwon baya ko na gwiwa da ƙugu. Aka ba rabi magungunan gidan mofin, rabi kuma magungunan ciwo na yau da kullum, aka bi su shekara guda. 'Yan rukunin farko ba su fi sauran iya harkokinsu ba, illolin magani kuma sun fi yawa a wajensu. A 2023 wani gwajin a Ostireliya ya duba sabon ciwon baya da na wuya, aka ga bayan mako 6 wanda ya sha mai ƙarfin bai fi wanda ya sha ƙwayar da babu magani a cikinta samun sauƙi ba. Don haka in kika roƙa aka ci gaba da rubuta masa ba iyaka, kin saya masa sarƙa mai tsabta ne kawai a maimakon mai tsatsa.

Na biyun ya gane haɗarin, kuma ina yaba masa da bai bi sahu ya sa hannu kawai ba. Amma mutumin da ya yi sama da wata guda yana sha kullum ba a yanke masa rana ɗaya a ce ya yi haƙuri. Jikinsa ba zai yi haƙurin ba. Zai fita daga ɗakin likita ya nufi inda ba a tambayar takarda, kuma abin da ya faru ke nan: daga ƙwayar asibiti da aka san nauyinta ya koma 225 ta bakin titi. Amurka ta riga mu ɗanɗana wannan. Bayan shekarun da aka yi ana rubuta irin su OxyContin, wani ɗan gidan mofin, ba ƙaƙƙautawa tun daga 1996, sai aka ja birki da ƙarfi, aka yanke wa mutane da yawa ba shiri, wasu suka koma hodar titi, wasu suka kashe kansu. A 2019 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta fito ta gargaɗi likitoci da su daina yanke wa waɗanda jikinsu ya saba farat ɗaya, a 2022 kuma aka sake rubuta ƙa'idojin rubuta maganin don gyara wannan.

Ina faɗin wannan ne ba don ki riƙe su a zuciya ba. Na san yadda ƙaramin asibiti yake: ma'aikaci ɗaya, layi har waje, katin mara lafiya ya ɓace ko ba a rubuta komai a ciki ba, wanda ya gan ka yau ba shi zai gan ka gobe ba. A irin wannan yanayin sake rubuta abin da aka rubuta jiya ya fi komai sauƙi, ƙin rubutawa gaba ɗaya shi ne na biyu a sauƙi. Zama da mutum a tsara masa yadda zai sauka a hankali shi ne mai cin lokaci, kuma shi ne aikin da ya kamata a yi.

Wannan dalilin ne ya sa na ce kada ki zuba a masai. In kika zubar, kafin azahar ya sayi wasu, abin da kika yi asara shi ne yardarsa, ya kuma koyi ɓoyewa inda ba za ki gani ba. In ma bai samu ba, zai shiga kwanaki na azaba, ga firgici da ruɗewa da tiramadol ke iya jawowa in an yanke shi kwatsam. Akwai wani haɗarin kuma: wanda ya yi kwanaki bai sha ba jikinsa yakan rage sabo, in ya koma ya sha adadinsa na da zai iya yi masa yawa har ya taɓa numfashi.

Abin da ake yi shi ne saukowa mataki-mataki a hannun likita ɗaya, da magani daga kantin magani ɗaya mai rajista. Ana rage kaɗan, sau da yawa wajen kashi 10 cikin 100, a jira jiki ya daidaita, a sake ragewa. Wani a kowane mako ake rage masa, wanda ya daɗe sosai kuma a kowane wata. In an zo matakin da ya yi tsanani a tsaya a wurin a huta, amma ba a komawa sama. Ana ba da magungunan da ke sauƙaƙa gudawa da ciwon jiki da rashin barci a hanya. Sannu ba ta hana zuwa. Sai dai shi da ya riga ya faɗi sau ɗaya, ba zan so a yi masa wannan a ƙaramin asibiti ko a gida da ƙiyasi ba. Mai yiwuwa likita ya ga ya fi kyau a kwantar da shi 'yan kwanaki, a sauke shi daga adadin haɗari da sauri a ƙarƙashin kulawa, ko a sauya masa wani maganin da ba ya jawo jijjiga. Wannan hukuncin na wanda ya gan shi ne, kada ku ɗauki lissafina ku yi aiki da shi ku kaɗai.

A Kano kuna da inda za ku. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin Dawanau. Na san da ya ji sunan zai ce shi ba mahaukaci ba ne. Ki gaya masa gaskiya ne, ba shi ba ne, amma likitocin da suka ƙware a raba jiki da irin wannan maganin a can suke zaune. In ya ƙi, ku fara da sashen marasa lafiya na yau da kullum a babban asibiti, a kan maganar faɗuwar da ciwon ƙugu, su za su tura shi inda ya dace. Abin da nake roƙonki da babbar murya shi ne kada a kai shi gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, kuma iyayensu ne suka kai su da niyyar gyara. Ɗaure mutum ba ya warkar da wannan cutar.

A gaban likita kuma a faɗi komai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nawa yake sha, tun yaushe, ƙarfe nawa, da me yake haɗawa. Ki bincika a hankali ko yana shan maganin barci irin su Valium, ko maganin tari mai kodin, ko pregabalin da ake ba masu ciwon jijiya, domin haɗa su da tiramadol yana danne numfashi. Amitriptilin da wasu magungunan damuwa kuma suna ƙara haɗarin jijjiga in sun haɗu da shi, ga shi ana yawan rubuta amitriptilin ga masu ciwon baya. Likitan da bai san yana shan tiramadol ba zai iya ba shi da kyakkyawar niyya.

Shi kansa ƙugun a sake duba shi da kyau. Maganar maigidanki cewa yana jin ciwo ba ƙarya ba ce, kuma in aka yi watsi da ita ba zai ba da haɗin kai ba. In akwai rashin ƙarfi a ƙafa ko jan ta, ko dindiris a tsakanin cinyoyi, ko fitsari da bayan gida suna kufce masa ko suna ƙin fita, wannan na gaggawa ne a ranar. In akwai zazzaɓin dare da gumi da rama, a nemi tarin fuka na ƙashin baya, wanda muke gani a ƙasar nan ba kaɗan ba. Asibitin Ƙashi na Dala yana kusa da ku. In duk babu waɗannan, abin da ya fi taimakon daɗaɗɗen ciwon baya ba a cikin fakiti yake ba: motsa jiki da masu gashin ƙashi za su koya masa, tafiya a ƙasa kullum, ɗumama wurin, da gyara zamansa. In ya koma aiki ya sa matashi a bayansa, ya riƙa sauka yana miƙewa bayan kowace awa. Kwanciya wuni guda tana ƙara ciwon ne. Parasitamol yana da wurinsa, kada dai ya wuce giram 4 a yini. Ibuprofen da diklofenak suna aiki, amma ba a ɗaukar su watanni, kuma mai olsa ko hawan jini ko ciwon ƙoda sai da izinin likita. Na ga waɗanda suka gudu daga tiramadol suka faɗa shan diklofenak kullum har cikinsu ya yi jini.

Wani abu a gefe, domin na san masu karatu da yawa za su ɗauki wannan amsar su tsorata da duk wani magani mai ƙarfi. Mai ciwon daji da ya yi nisa, da wanda aka yi wa babbar tiyata, da mai sikila a lokacin da ciwon ya tashi, waɗannan suna da haƙƙin a ba su mofin ko makamancinsa, kuma a asibitocinmu rashinsa ya fi yawansa zama matsala. Ina baƙin cikin ganin tsohuwa tana kuka da ciwon daji 'ya'yanta suna hana a ba ta mofin wai kada ta saba. Wannan daban, na maigidanki daban.

Saura tambayarki ta ƙarshe, kuma ita ce na fi daɗewa ina juyawa. Rufin asirin miji abu ne mai daraja, kuma na ga alamar kina da shi. Amma asirin da zai kai shi kabari, ko ya kai fasinjojinsa, ba rufi ba ne. Kuma ba ke kaɗai za ki ɗauki wannan kayan ba, ga yara 4, ga cefane da zai tsaya.

Ki fara da shi kansa. Ki zaɓi lokacin da yake cikin natsuwa, ba da sassafe kafin ya sha ba lokacin da jikinsa ke bore, ba kuma a gaban yara ba. Kada kalmar ƙwaya ko shaye-shaye ta fito daga bakinki. Ki ce masa wani abu kamar haka: "Baban yara, ranar da ka faɗi na ɗauka na rasa ka. Na san ba da son ranka ka shiga wannan ba, a asibiti aka fara ba ka. Na tambaya an ce maganin ne ke kawo faɗuwar, kuma an ce akwai yadda ake sauka daga kansa ba tare da wahala mai yawa ba. Ina so mu je tare." Mai yiwuwa ya yi fushi, ko ya ce zai daina da kansa gobe. Kada ki karɓi alkawarin gobe, kada kuma ki yi faɗa a kansa. Ki ce kin yarda da niyyarsa, amma dainawa kai tsaye tana da haɗari, likita ake buƙata. Ki sani cewa da yawansu sun fi matansu tsorata, kunya ce ke sa su ɗaga murya.

Daga nan ki nemi izininsa ku sa mutum ɗaya a ciki, ɗaya tak. Yayansa, ko amininsa, ko kawun da yake jin nauyi, wanda ba ya yawo da magana. Amfaninsa biyu: ya raka shi asibiti, ya kuma je wajen mai adaidaita a nemi alfarmar wani amintacce ya riƙa fita da ita na ɗan lokaci ana raba abin da aka samu, don kada tukunya ta sauka. In ya ƙi yarda, kuma ya dage sai ya fita da fasinja, to ki gaya masa a fuskarsa cewa za ki faɗa wa yayansa, sannan ki faɗa. Zai ji haushi, amma ba ki ci amanarsa ba tunda ba a bayan idonsa kika yi ba. Surukarki kuwa a bar wa ɗanta ko yayan ya sanar da ita in lokaci ya yi, cewa maganin asibiti ne ya yi masa yawa. Daga bakinsu za ta fi karɓa fiye da daga naki.

Ba shi kaɗai ba ne a wannan halin. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 suna shan irin su tiramadol da kodin ba bisa ƙa'idar likita ba. A shekarar ce kuma gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Cikin miliyoyin nan akwai manoma da leburori da direbobi da matan aure da ba su taɓa neman maye ba, ciwo da gajiya suka kai su. In ya ji haka wataƙila kunyar ta ragu.

Kafin ku je asibiti, daren yau ma, ki roƙe shi ya fitar da ƙwayoyin daga aljihun riga. Wanda kika gani, ɗanki mai rarrafe ma zai iya gani, kuma guda ɗaya ta 225 tana iya tsayar da numfashin ƙaramin yaro. A sa su a akwati mai makulli, sama, inda hannun yara ba ya kaiwa. In ya yarda makullin ya zauna a hannunki, ki riƙa rubuta abin da ya sha da lokacin da ya sha a 'yar takarda, ku tafi wa likita da ita. Ki sake rubuto mini bayan kun gan shi, ina son in ji abin da ya ce game da faɗuwar da kuma ƙugun.